Ɗana ya ce zane zai karanta, mahaifinsa ya ce sai likitanci

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce, muna zaune a Gwammaja. Ɗana na biyu shekararsa 15, ya gama zangon farko a SS1, ajin kimiyya. Tun yana firamare ba shi da aiki sai zane, a bayan littafi, a kwalin taliya, har a bangon soro. Yanzu ya ce yana so ya ɗauki darasin zane a WAEC, ya kuma karance shi a jami'a. Mahaifinsa ya ce bai biya kuɗin makaranta don a koya wa ɗansa zanen 'yartsana ba, likita yake so ya zama. Wan mahaifin nasa kuma ya ce zane haramun ne. Ga shi makarantarsu babu malamin zane a ɓangaren manya. Sakamakonsa na kemistiri da fisiks ya yi ƙasa, ya daina hira da kowa, ranar nan ma na tarar ya yayyaga zane-zanensa. Ni dai ina ganin baiwa ce, amma ina tsoron in goya masa baya in ɗora shi a hanyar da babu abinci. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya raya miki shi, ya shirya mana su baki ɗaya.

Duk cikin wasiƙarki yayyaga zanen nan ne ya fi tsaya mini a rai. Yaro ba ya lalata abin da ya hana idonsa barci a kansa sai in ya gama yarda cewa abin kunya yake yi. Don haka kafin a je ga mahaifinsa, kafin a je makaranta, ki nemi lokacin da gida ya yi shiru, ki ce ya kawo miki abin da ya rage. Ki zauna ki duba su ɗaya bayan ɗaya, ki tambaye shi yadda ya yi wannan, me ya ba shi wahala a wancan. Ba sai kin yi masa alkawarin komai ba. Ya dai san cewa a gidan nan akwai wanda ya kalli aikinsa da tsanaki.

Na yarda da ke cewa akwai baiwa. Sai dai baiwa kaɗai ba ta cin wannan jarrabawa, kuma a nan ne iyaye masu goyon baya da masu hanawa suke yin kuskure iri ɗaya: dukansu sun ɗauka wasa ne, wasu sun ce a bar shi ya yi, wasu sun ce a hana shi. Alhali darasi ne mai manhaja, mai takardu, mai cinyewa da faɗuwa daga A1 zuwa F9, daidai da lissafi. WAEC da NECO duk suna shirya shi, a takardar rajista za ki ga an rubuta Visual Art. Abin da nake so ki fita da shi daga wannan amsa shi ne ki mayar da maganar daga "a bar shi ko a hana shi" zuwa "a gwada shi a gani".

Bari in faɗa miki abin da ake nema a wurinsa. Yawancin yaran da ake cewa sun iya zane, abin da suka ƙware a kai shi ne kwaikwayo daga waya: ɗan ƙwallo, mota, 'yan katun. Hoto kuwa an riga an gama masa aiki. A shimfiɗe yake, an zaɓar masa inda haske zai faɗa, an yanke masa gefe. A ɗakin jarrabawa babu hoto. Abubuwa ne na zahiri ake jerawa a kan tebur, a ce buta da kofi da kwalba da ƙyalle a naɗe, ko a ba shi reshe da ganyensa, a ce ya zana abin da idonsa yake gani daga inda yake zaune, cikin awa 3. A nan yaro yake gane cewa bakin kofi da ya san da'ira ce, in ya hango shi daga gefe ya zama kamar ƙwai a kwance. Yake gane cewa dole ya auna tsawon kwalba da tsawon buta da ido, ya miƙa fensir a gabansa ya rufe ido ɗaya. Yake gane cewa inuwa ba baƙi ɗaya ba ce: akwai wadda take jikin abu, akwai wadda abun ya jefa a kan tebur, akwai kuma ɗan hasken da yake dawowa daga teburin ya taɓa gindin butar. Masu duba takarda suna lura da ko ya cika takardarsa ko ya maƙale zanen a lungu ɗaya, ko abubuwan sun zauna daram ko suna shawagi, ko ƙarfe ya fito a ƙarfe, ƙyalle ya fito a ƙyalle. Na sha ganin yaron da duk aji ke yi wa kirari ya zauna gaban tulu ya rasa ta inda zai fara, na kuma ga wata mai shiru-shiru da ba a taɓa yabon hannunta ba ta wuce shi, don ita ta fi shi haƙurin kallo.

Wannan ɓangare ɗaya ke nan. Akwai na tsara zane don amfani: fosta mai ɗauke da saƙo, tambarin kamfani, bangon littafi, ko adon da za a maimaita a jikin yadi har ya cika shi ba tare da an ga mahaɗa ba. Nan ruler da awo suke shigowa, da tsara haruffa su yi girma ɗaya da tazara ɗaya, da sanin cewa daga ja da shuɗi da rawaya ake haɗo kore da ruwan goro da shunayya. Akwai kuma aikin hannu da ɗalibi yake ɗaukar lokaci yana yi kafin ya miƙa, na yumɓu ko makamancinsa.

Sai takardar rubutu, wadda yara suka fi rainawa kuma ta fi kayar da su. Da Turanci ake amsa ta, kuma tarihi ne zalla da ka'idoji. Zai karanta kayan yumɓun Nok, waɗanda aka fara cin karo da su a 1928 wajen haƙar kuza a kudancin Kaduna ta yanzu. Zai karanta tagullar Igbo-Ukwu da ta Ife, da ta Binin wadda sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897. Zai san Aina Onabolu, wanda ya dage har aka shigar da zane cikin darussan makarantun Legas, da Ben Enwonwu, da Ladi Kwali maginiyar tukwane wadda hotonta yake bayan takardar Naira 20. Zai san ɗaliban nan na kwalejin Zariya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, da suka kafa ƙungiyarsu a 1958 suka ce ba za su tsaya kan kwaikwayon Turawa ba, sai sun haɗa da abin da suka gada a gida. Kwalejin nan ce ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yaron da ba ya son buɗe littafi ba zai tsira a wannan darasi ba. Ki faɗa masa haka ƙarara, domin in har gudun karatu ne ya sa yake son zane, gara ya sani tun yanzu cewa babu mafaka a can.

Yanzu maganar mahaifinsa. Don Allah kada ki tunkare shi kamar abokin gaba. Mutumin da yake cire kuɗin makaranta a wannan zamani yana fatan ɗansa ya zama likita, ƙauna ce take magana a bakinsa, da tsoron kada yaron ya tagayyara. Tsoron nan kuma ba na banza ba ne. Gaskiya ita ce wanda zai zauna ya zana hoto ya jira mai saye ya rataya a falo, a Kano zai sha wuya, don kasuwar wannan ba ta da faɗi a wurinmu. Takardar digiri a zane ba ta zuwa da albashi a manne.

Amma a duba garin da muke ciki. Duk atamfar da take Kantin Kwari, wani ne ya zauna ya tsara adonta kafin inji ya buga. Duk babbar riga mai aska takwas, sai da mai zane ya fitar da aikin a jikin yadin kafin maɗinki ya sa allura. Haka hula, haka jaka da takalmin dukawa. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, har yau masu ɗaurin yadi ne suke fitar da adon kafin a tsoma a baba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa kayan masu aikin hannu take sayarwa. Sannan ga na zamani: katin biki, kalanda, allon shago, fostar 'yan siyasa, ledar biredi, kwalin sabulu da robar lemon da ake yi a Sharaɗa da Bompai da Challawa. Duk mai sayar da turare ko kayan mata a Instagram yana neman wanda zai yi masa tambari. Abinci yana nan, amma yana wajen wanda ya iya sauraron mai kaya, ya iya kwamfuta, ya cika alkawari ranar da ya ce. Yanzu da manhajojin waya suke fitar da hoto cikin ƙiftawar ido, mai kwaikwayo kawai shi ne zai fara rasa aiki. Wanda ya san dalilin da ya sa wannan tsari ya yi kyau wancan bai yi ba, shi zai daɗe.

Shawarata ita ce kada a cire shi daga ajin kimiyya. Na san shi ba zai so jin haka ba. Dalilina shi ne komawa ajin Arts ba ya nufin za a koya masa zane, don a makarantu da yawa abin da ake yi a can gwamnati ne da adabi da tarihi, babu ko fensir. Kuma ficewa daga kimiyya tana rufe masa ƙofar da ta fi dacewa da irinsa, wato ilimin zanen gine-gine, wanda ba a shiga sai da lissafi da fisiks. Ko a fannin ƙere-ƙere, haɗa ruwan da ake shafa wa tangaran kafin a gasa, da haɗa rini ya kama yadi bai zuba ba, duk kemistiri ne. Ɗalibi yana ɗaukar darussa 8 ko 9 a WAEC. Abin nema shi ne zane ya zama ɗaya daga cikinsu, tare da Turanci da lissafi da darussan kimiyyarsa. Ta haka likitancin da mahaifinsa yake so bai kuɓuce ba, shi ma nasa bai kuɓuce ba, an ɗage yanke hukunci zuwa lokacin cike JAMB, lokacin da sakamako zai yi magana da kansa. In kika je wa mahaifinsa da wannan, ba ki ce ya janye burinsa ba. Kin ce ne a ƙara darasi ɗaya, bisa sharaɗin fisiks da kemistiri su tashi.

Kuma kada a yi saurin ɗora wa zane laifin faɗuwar nan. Yara da yawa suna tuntuɓe a zangon farko na SS1, don tsallen daga kimiyyar ƙaramar sakandare zuwa fisiks da kemistiri babba ne. Ki je ki ga malaman biyu, ki ji ko rashin fahimta ne, ko rashin kula, ko kuwa zuciya ce ya yi.

Maganar wan mahaifinsa ba abin da za a share ba ce, don tambaya ce ta addini, kuma mai yinta yana da hujjar da ya dogara da ita. Akwai hadisai masu tsanani a kan masu suranta abu mai rai. Amma an ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da wannan yake ci, sai ya gargaɗe shi, sannan ya ce in ba makawa sai ya yi, to ya zana bishiya da duk abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya kuma sun bambanta tsakanin mutum-mutumi cikakke mai inuwa da zanen da yake shimfiɗe a takarda, ga wasu malaman da suka tsananta a duka biyun. Ashe ba zane gaba ɗayansa ake magana a kai ba, wani yanki ne nasa. Mu da muke da zayyana a allon sauka, da gwanayen da suke rubuta Alƙur'ani da ka suna ƙawata shi da ado, da dagi a goshin gidajenmu, da bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19, ba za mu ce adon hannu baƙo ne a Musulunci ba.

Takardar zanen WAEC tana zuwa da zaɓi tsakanin kayan da aka jera, da tsirrai, da siffar mutum, don haka yaro zai iya shirya kansa a kan na farko da na biyu. Ki sa a samo manhajar bana daga makaranta, mahaifinsa da wan mahaifin nasa su ɗauke ta su je wurin malamin da dukansu suka amince da iliminsa, kuma su tafi da yaron, ya ji amsar da kunnensa. Sai dai ba zan ɓoye miki ba: a jami'a, sashen zane zalla yana koyar da zanen jikin mutum da sassaƙa. In gidanku sun tsaya a kan fatawar da ta hana, to a karkata shi zuwa zanen gine-gine, ko tsara yadi, ko tsara kayan bugawa, ko tangaran. A Zariya akwai sashen zane, akwai kuma sashen tsara kayan masana'antu daban. A nan Kano ma kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da kwalejojin ilimi suna da sassan da suke koyar da wannan. Kafin a zaɓa, a je a tambayi sashen abin da ɗan shekarar farko yake yi, kada a shiga sannan a zo ana rigima.

Rashin malami shi ne matsalar da ta fi gaggawa, don ita ce mai wa'adi. Ba a tashi a SS3 a ce a saka wa yaro zane a rajista. Makaranta tana aika makin gwaje-gwajen da ya yi a aji tun daga SS1, kuma dole akwai malamin da zai karɓi umarnin hukuma ya jera kayan ranar jarrabawa, ya kula da aikin hannu. Ki je wurin shugaban makarantar a makon nan. Sau da yawa malamin da yake koyar da al'adu da ƙere-ƙere a ƙaramar sakandare zane ya karanta a kwalejin ilimi, kawai ba a taɓa neman ya hau sama ba. In aka samu iyaye huɗu ko biyar da 'ya'yansu ke so, makarantar kuɗi takan saurara. Ki kuma tambayi malamin da yake kula da rajistar jarrabawa ko tsarin haɗa darussa na bana ya ba ɗan kimiyya damar ɗaukar zane, don ana sauya tsarin lokaci zuwa lokaci. In duk ya faskara, sauya makaranta kafin a shiga SS2 ya fi sauƙi a kan bayan an shiga. Ƙasidar JAMB ta jera abin da kowane kwas yake buƙata a kowace makaranta, wani yayansa ya buɗe masa ita a intanet tun yanzu. Abin da ba na so ki yi shi ne kai shi irin cibiyoyin nan da ake biya a yi wa yaro jarrabawa. Ban da haramcinsa, zane fanni ne da asirin mutum yake tonuwa a ranar farko da aka miƙa masa fensir.

Ga gwajin da nake so ki yi masa a wannan zangon, kuma ba shi da tsada. Ki saya masa littafin zane mai kauri, da fensir 2B da 4B, da kilina mai laushi. Kullum bayan la'asar, in ya gama aikin makaranta, rabin awa: abu ɗaya na gidanku a gabansa, babu waya. Yau buta, gobe ƙwarya da ludayi, jibi albasa biyu da tattasai, gata reshen darbejiya ko ganyen mangwaro, wata rana takalmin babansa a bakin ƙofa, wata rana lungunku yadda yake tsukewa in ya yi nisa. Ya rubuta kwanan wata a kowane shafi, kuma ba a cire shafi ko da zanen ya lalace, don lalatattun ne suke nuna inda aka taso. Ranar Asabar wani babba ya raka shi Gidan Makama ya zana ƙofofi da kayan tarihi, ko Ƙofar Mata ya ga yadda ake ɗaure yadi. In hutu ya zo, a nema masa wurin wani mai buga takardu ko mai rubuta alluna wanda kuka san halinsa, ya je ya ga yadda mai kaya yake dawo da aiki sau uku ya ce a gyara, ya ga ko zuciyarsa za ta ɗauka.

Ƙarshen zango kada ke ki yanke hukunci, kada ƙannensa da abokansa su yanke, don ku masoyansa ne, komai ya yi kyau zai yi muku. A kai littafin wurin malamin zane na gaske, a roƙe shi ya faɗi gaskiya. In yaron ya yi mako uku ya watsar, kin gane cewa sha'awa ce, sai a bar masa ita ya riƙa yi don nishaɗi, babu tsangwama, ya mayar da hankali kan kimiyyarsa. In kuwa ya cika littafin, shafin ƙarshe ya fi na farko nesa ba kusa ba, fisiks da kemistiri kuma sun ɗaga, to ki haɗa littafin da katin sakamakon ki ajiye a gaban mahaifinsa bayan ya ci abinci ya huta, ki bar shi ya buɗe da hannunsa. Gani ya kori ji. Zai fi kyau ma a ce yaron ne da kansa zai durƙusa ya miƙa, ya yi bayanin abin da yake so da bakinsa cikin ladabi, ke kina gefe.

Ki rubuto mini bayan hutun zango na biyu, ina so in ji abin da shugaban makarantar ya ce da kuma abin da malamin zanen ya gani a littafin.